Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan Zariya, ina zaune a ɗaya daga cikin jihohin kudu na ƙasar Amurka da takardun zama na dindindin. Na kammala koyon tuƙin jirgin sama, na karɓi lasisin da ya ba ni damar in yi tuƙi a biya ni, kuma yanzu ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai jan ƙyallayen talla a sararin sama, a bakin teku da wuraren taruwar jama'a. Awannin tashi da na tara ba su kai rabin abin da kamfanonin jiragen fasinja suke nema ba, kuma wannan aikin ne hanyata ta cike su. Sai da mahaifina ya sayar da gona, yayyena suka haɗa abin da ya sawwaƙa, kafin na biya kuɗin makaranta, ga kuma sauran bashi a kaina.

Makon jiya mai kamfanin ya gaya mini cewa wata ƙungiya ta biya kuɗi ninki biyu don a ja mata tutar tsofaffin 'yan awaren Kudu, wadda ake kira tutar Konfedaret, a bi da ita ta kan bakin teku da wani filin shaƙatawa ranar 19 ga Yuni, ranar da baƙaƙen fata suke bikin tunawa da 'yanta bayi. Ya ce ni ne a kan layi ranar. Da na nuna damuwa sai ya ce doka ba ta hana ba, shi ma ba ra'ayinsa ba ne, kuma matuƙi ɗan aike ne, babu ruwansa da abin da ke cikin saƙo. Mutumin nan ya yi mini halacci, domin tun da na fara aiki na roƙe shi ya ɗauke mini tallar giya, ya kuwa ɗauke ba tare da ya ɓata rai ba. Ina jin nauyin in sake zuwa masa da wani uzurin, ina kuma tsoron rasa aikin. In karɓa ko in ƙi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Shawarata ita ce kada ka ɗauki wannan tutar, kuma ka sanar da maigidanka tun yanzu, kada ka bari sai ranar ta ƙarato. Ina faɗin haka ne ina sane da nauyin da ke wuyanka. Tun bayan haɗarin jirgin Colgan da ya faɗi kusa da birnin Buffalo a watan Fabrairun 2009, wanda ya ci rayukan mutum 50, majalisar dokokin Amurka ta tsananta sharuɗɗa, har aka kai ga dokar da ta fara aiki a 2013, wadda ta ce sai mutum ya tara awa 1,500 kafin ya zauna a kujerar mataimakin matuƙi a jirgin fasinja, in ban da wasu da aka yi wa sassauci kamar tsofaffin sojoji da waɗanda suka fito daga wasu jami'o'i. Lasisin da ke hannunka kuwa da awa 250 ake iya samunsa. A tsakanin waɗannan lambobi biyu ne matashin matuƙi ya fi rauni, domin kowace awa da aka miƙo masa gani yake kamar ba zai sake samun irinta ba, shi ya sa yake amsa abin da ba zai amsa ba in da ya ƙoshi. Masu kawo irin wannan aiki sun san haka sarai, kuma ninkin kuɗin da suka biya ladan rufe ido ne.

Maigidanka ya faɗi gaskiya da ya ce doka ba ta hana ba. Gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka ya kare 'yancin faɗar albarkacin baki har ga maganganun da suke ƙona rai, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, wato FAA, idan za ta ba kamfani izinin jan ƙyalle, abin da take dubawa shi ne ƙugiya da igiya da tsayin da za a bi da horon matuƙi, ba ta karanta abin da aka rubuta. Sai dai wannan gyaran hannun gwamnati ya ɗaure. Bai tilasta wa kamfani mai zaman kansa ya ɗauki kowane saƙo ba, bai kuma tilasta maka ka zama mai ɗaukarsa ba. Ƙungiyar nan tana da 'yancin ta ɗaga tutarta a harabar ofishinta, kai ma kana da 'yancin ka ce ba da hannunka ba. Ka kuma lura cewa doka tana sauyawa daga iyaka zuwa iyaka: alamar 'yan Nazi da za a iya ja a sararin New York ba tare da an kama kowa ba, a Jamus laifi ne da zai kai mutum gaban alƙali. Abin da ke halal a idon hukuma a nan, haram a can, ba zai zama ma'aunin mutuncin mutum shi kaɗai ba.

Maganar ɗan aike ce ban yarda da ita ba, kuma kai da kake wannan aiki ka fi ni sanin dalili. Ɗan aike wasiƙa a rufe yake ɗauka, ya kai wa mutum ɗaya, shi kuma ya ga dama ya buɗe, ya ga dama ya ajiye. Kai kuwa da safe za ka tarar ma'aikatan ƙasa sun shimfiɗa ƙyallen a kan ciyawa, za ka wuce ta gefensa ka gan shi da idonka. Za ka tashi, ka saki ƙugiya, ka zagayo, ka sunkuyo da hancin jirgi wajen igiyar da aka rataya tsakanin sanduna biyu, ka fizgo ta, ka ba injin wuta ka miƙe sama har ka ji nauyin ƙyallen ya kama wutsiya. Daga nan kai ne za ka rage gudu don mutane su samu karantawa, kai ne za ka daidaita hanya don fuskar tutar ta kalli jama'a, kai ne za ka juya ka sake dawowa ta kansu sau nawa aka biya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke faruwa ba tare da gwanintarka ba. Matsayinka ya fi kusa da na mai shela a tsakiyar kasuwa, wanda ko da wani ne ya ba shi maganar, da muryarsa aka ji ta, kuma in zagi ne, fuskarsa waɗanda aka zaga za su tuna.

Akwai kuma abin da ya bambanta sararin sama da jarida ko talabijin. Mai karatu yana iya juya shafi, mai kallo yana iya sauya tasha, amma uwar da ta shimfiɗa tabarma a filin shaƙatawa da 'ya'yanta ba ta da yadda za ta kashe sama. Ƙarar injin ce za ta sa yaro ya ɗaga kai, kafin ta ankara ya riga ya gani, ya fara tambaya. Wannan tilascin kallo yana cikin abubuwan da suka sa ake ta ce-ce-ku-ce kan sana'arku. Birnin Honolulu ma hana tallar sama ya yi baki ɗaya, kuma da wata ƙungiya mai adawa da zubar da ciki ta kai ƙara don a bar ta ta ja hotunanta ta kan bakin teku, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta goyi bayan birnin a 2006. Inda hukuma ba ta sa irin wannan shinge ba, shingen da ya rage shi ne hankalin mai kamfani da na matuƙi.

Sai mu zo ga ita tutar kanta, domin ba kowace alama mai jawo gardama ce take da nauyi ɗaya ba. Jihohi goma sha ɗaya ne suka ɓalle daga Amurka, aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, a lokacin da mutum kusan miliyan huɗu suke cikin ƙangin bauta. Ba sai mun yi hasashen dalilinsu ba, domin da bakinsu suka faɗa. Mataimakin shugabansu, Alexander Stephens, ya tsaya a birnin Savannah a watan Maris na 1861 ya bayyana cewa harsashin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙin mutum ba daidai yake da fari ba, kuma bauta ce matsayin da ya dace da shi. Tutar da aka kawo muku tutar fagen fama ce ta rundunarsu. Bayan an ci su da yaƙi ta ja baya, sai ta sake fitowa da ƙarfi daidai lokacin da baƙaƙen fata suka tashi neman haƙƙinsu: 'yan siyasar Kudu masu kare wariyar launin fata sun rungume ta a 1948, jihar Jojiya ta saka ta cikin tutarta a 1956, shekara biyu bayan Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun yara bisa launin fata, Karolina ta Kudu kuma ta ɗaga ta a kan ginin majalisarta a 1961. Ba a sauke ta daga harabar wannan majalisa ba sai ranar 10 ga Yulin 2015, makonni kaɗan bayan wani matashi farar fata ya shiga cocin baƙaƙen fata a Charleston ya harbe mutum tara suna tsakiyar karatun littafinsu, aka kuma ga hotunansa riƙe da ita. Jihar Mississippi ma ta cire ta daga tutarta a 2020. Wanda ya san wannan jerin shekaru ba zai ce ƙyalle ne kawai ba.

Adalci ya sa in faɗa cewa akwai mutanen Kudu da suke kallon tutar a matsayin tunawa da kakanninsu da suka mutu a yaƙi, kuma ba dukkansu ne maƙaryata ba. Amma niyyar mutum ba ta hawa igiya ta bi jirgi. A watan Yulin 2014 mabiyan wata ƙungiya da ake kira Raeliyawa sun ɗauki hayar jirgi ya ja alamar suwastika ta kan bakin tekun New York, suna cewa so suke su dawo mata da ma'anarta ta asali, tun da alama ce mai tsarki a wurin mabiya addinin Hindu da na Buda tun dubban shekaru kafin Hitler. A tarihi ba su yi ƙarya ba. Sai dai a ƙarƙashin jirgin akwai unguwannin Brooklyn masu ɗimbin Yahudawa, har da tsofaffin da suka tsira daga sansanonin kisa, kuma abin da suka gani a sama shi ne alamar waɗanda suka hallaka danginsu. Ƙyalle ba ya tsayawa ya yi bayani, abin da na ƙasa ya karanta shi ne saƙon. A naka batun ma ba a bar wurin shakka ba. Ranar 19 ga Yunin 1865 ce aka yi shelar 'yancin bayi a Galveston ta jihar Texas, kuma tun 2021 ta zama ranar hutu a faɗin ƙasar. Mai son girmama kakansa yana da maƙabarta, yana da sauran ranakun shekara. Wanda ya zaɓi wannan rana, ya kuma zaɓi filin da jikokin bayi suke taruwa, ya riga ya faɗi abin da yake nufi.

Ko da za mu ajiye zancen mutunci mu duba maslaharka kawai, lissafin bai fita ba. Ranar 10 ga Yunin 2020 hukumar tseren motoci ta NASCAR ta haramta wannan tuta a filayenta, bayan kiran da Bubba Wallace, direba baƙar fata, ya yi. Ranar 21 ga watan sai ga jirgi a sararin filin Talladega a jihar Alabama yana jan ta, kafin dare hotonsa ya zagaya duniya. Kashegari a Ingila, 'yan wasan Manchester City da na Burnley sun durƙusa a kan gwiwa ɗaya don nuna adawa da wariyar launin fata, suna miƙewa sai jirgi ya bayyana da ƙyalle mai cewa rayukan fararen fata ma suna da daraja, da sunan Burnley a jiki. Kyaftin ɗin ƙungiyar, Ben Mee, ya fito ya ce kunya ta rufe shi. 'Yan sanda sun bincika sun ce babu laifin da doka za ta hukunta, amma filin jirgin Blackpool, inda jirgin ya tashi, ya dakatar da aikin jan ƙyalle, wanda ya shirya abin kuma aka sallame shi daga wurin aikinsa. Ka ga kenan rashin karya doka bai hana ruwa dukan tsuntsun da ya ja shi ba, har ya shafi matuƙan da ba su ji ba ba su gani ba. Lambar jirginku a rubuce take a jikinsa da manyan baƙaƙe, rajistar jirage a buɗe take ga kowa a intanet, kowa kuma yana da kyamara a aljihu. Nan da shekara biyu ko uku za ka zauna gaban masu tantance matuƙa a babban kamfani, kuma cikin sharuɗɗan babban lasisin da kake nema har da kasancewa mutum mai kyawun hali. Ba na cewa tashi ɗaya zai hana ka lasisi, amma ba ka so ya zama shi ne abu na farko da zai fito idan aka bincika sunanka.

Akwai wani abu da ya keɓanta da kai wanda maigidanka mai yiwuwa bai hango ba. Kai baƙar fata ne. Ranar da aka gano wanda ya tuƙa jirgin, masu tutar za su yi murna fiye da yadda suka yi da tashin kansa, domin sun samu hujjar da kuɗi ba ya saye: za su ce ga shi ɗan Afirka ma bai ga aibinta ba. Baƙaƙen fatan garin kuwa, waɗanda da su kake sallar Juma'a ko kake cin kasuwa, za su ɗauke ka baƙon da ya zo ya ci moriyar gwagwarmayar iyayensu sannan ya taya a ci musu fuska. Kada ka ɗauka tarihin nan na wasu ne can. Umar ɗan Sa'id, malami daga Futa Toro, a Charleston aka sauke shi a 1807, ya rubuta labarin rayuwarsa da Larabci, ya kuma rasu yana bawa ana cikin wannan yaƙi. Muhammad Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa ta Borno, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said, ya shiga rundunar Arewa a 1863 ya sa kaki don a karya masu wannan tuta. Mutumin ƙasarmu ya riga ka zuwa can, kuma ya zaɓi ɓangare.

Tun da ka ambaci tallar giya, na fahimci addini yana da wuri a lissafinka. Ayar da ta sa ka guje wa giya ita ce dai ta shafi wannan, wato faɗar Allah a farkon Suratul Ma'ida cewa a taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada a taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Malaman fiƙihu da dama sun hana sayar da inabi ga wanda aka tabbatar giya zai yi da shi, alhali inabin halal ne, cinikin ma halal ne. Sanin inda abin zai ƙare shi ne ya sauya hukuncin. Tuƙinka halal ne, amma ka san inda wannan tashin zai ƙare. Zuciya za ta raya maka cewa in ka ƙi wani zai ɗauka, tutar kuma za ta tashi ko da kai ko ba kai. Mai yiwuwa haka ne. Ba a ɗora maka tsare sararin Amurka ba, abin da za a tambaye ka shi ne naka hannun.

Sai dai ina so in ja kunnenka ta ɗaya gefen, domin matuƙin da ya mai da kansa alƙalin kowane ƙyalle ba zai daɗe a sana'ar ba, kuma bai kyauta wa maigidansa ba. Yawancin abin da ke jawo surutu a sama ba cin mutunci ba ne. Magoya bayan Manchester United sun ja ƙyallen neman a kori kocinsu David Moyes a 2014, na Arsenal kuma a 2017 sun tashi jirage biyu a wasa ɗaya, ɗaya yana cewa kocinsu Arsène Wenger ya tafi, ɗaya yana cewa a girmama shi. Irin wannan ka ja, ko da kocin da kake so ne. Ɗan takarar da ba ka ƙauna, ƙungiyar ƙwadago mai kuka da kamfani, masu neman a sauya wata doka, duk ka ja, domin ra'ayi ne da ake iya mayar wa martani da ra'ayi. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce: wannan saƙo yana neman wani abu ne daga masu iko, ko kuwa yana gaya wa mutanen da ke ƙasa cewa su ba cikakkun mutane ba ne saboda launinsu ko addininsu ko asalinsu? Akwai waɗanda za su faɗo a tsakiya. A gasar kurket ta duniya a 2019 an ja ƙyallen neman adalci ga Kashmir ta kan filin wasa a Leeds lokacin da Indiya ke wasa, hukumar kurket ta Indiya ta kai ƙorafi, wasu suka ce kukan waɗanda aka zalunta ne, wasu suka ce tsokana ce. A irin wannan mutanen kirki za su iya saɓawa, ba zan ga laifin wanda ya ɗauka ko wanda ya bari ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ma'auni biyu. Ranar da wani ya kawo ƙyallen da ke wulaƙanta Yahudawa ko Kiristoci ko mabiya Hindu, ko da abokanka za su tafa maka, ƙin da ka yi yau shi za ka yi ranar. In ba haka ba, abin da kake da shi ɓangaranci ne kawai.

Game da yadda za ka tunkari maigidanka, ka same shi shi kaɗai, a lokacin da babu jirgi a sama kuma hankalinsa a kwance yake. Ka fara da godiya kan abin da ya yi maka a baya, domin ya cancanta. Sannan ka gaya masa kai tsaye cewa wannan tutar ba za ka iya ja ba, ba tare da wa'azi ba, ba tare da ka kira shi mai wariya ba, tun da shi da bakinsa ya ce ba ra'ayinsa ba ne. Ka zo masa da abin musanya: ka karɓi tashin da sauran matuƙa suke gudu, na tsakar rana mai zafi ko na ranar hutunka, don ya ga ba aiki kake ƙi ba. Ka ba shi labarin Blackpool, domin lambar jirginsa da sunan kamfaninsa ne za su fara fita, kuma gidajen abinci da kamfanonin inshora da suke ba shi talla duk mako ba za su so a ga sunansu a bayan jirgin da ya ja wannan tuta jiya ba. Mai yiwuwa ka cece shi daga asarar da bai lissafa ba. Ka kuma roƙe shi alfarma ɗaya ta gaba, wato a riƙa nuna maka jerin ƙyallayen rana tun da safe, don kada irin wannan ta sake zuwa muku ba shiri. Bayan kun rabu ka tura masa gajeren saƙo na ladabi mai ɗauke da abin da kuka tattauna, ka ajiye kwafi. Kada ka kai maganar Facebook ko wani dandali, domin tona asirin wanda ya yi maka halacci ba ya cikin abin da gaskiyarka ta buƙata.

Kada in ɓoye maka, yana iya sallamarka. A kusan dukkan jihohin Amurka mai aiki yana da ikon rabuwa da ma'aikaci ba tare da ya kawo dalili ba, muddin ba dalilin da doka ta haramta ba ne. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai aiki ya yi wa ma'aikaci sassauci a kan abin da ya shafi addininsa, amma ta tarayya tana hawa ne kan wanda yake da ma'aikata 15 zuwa sama, kuma ba ta rufe wanda aka ɗauka a matsayin ɗan kwangila ba. Ka duba takardar da ka sa wa hannu, in ta kama ka nemi lauyan ƙwadago na jiharku. Duk da haka ina ganin ƙarfinka ya fi yadda kake zato. Kasuwar bakin teku daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba take ci, kuma sabon matuƙi ba ya fara jan ƙyalle sai an horar da shi an cika masa sharuɗɗan izinin kamfani. Mai hankali ba ya sakin ƙwararren matuƙi a tsakiyar kaka saboda tashi ɗaya.

Abu biyu ne nake roƙonka kada ka yi, kuma sun fi duk abin da na faɗa haɗari. Kada ka amsa da baki sannan ranar ka ƙirƙiro ciwo, ko ka ce iska ta yi yawa, ko ka laƙa wa injin laifin da ba shi da shi. Doka ta ba matuƙi magana ta ƙarshe a kan lafiyar tashi saboda an amince ba zai yi ƙarya da ita ba, kuma ranar da aka kama ka ka yi, ba za a sake yarda da kai ba a ranar da matsalar ta zama gaske. Na biyu, duk gardamar da za a yi a gama ta a ƙasa. Ka san ɗaukar ƙyalle ita ce mafi haɗarin daƙiƙoƙin aikinka, jirgi yana kusa da ƙasa, gudu kaɗan, nauyi a wutsiya, kuma zuciyar da ke tafasa ba ta tuƙi mai kyau. In wata rana aka yi maka rufa-rufa, sai da ka hau sama ka waiga ka ga abin da kake ja, kada fushi ya sa ka saki igiya a kan mutane ko gidaje, domin sandar gaban ƙyallen kaɗai tana iya kashe mutum. Ka yi magana ta rediyo, ka juyo filinku, ka sauke shi inda aka saba saukewa, ka sauka lafiya, sannan a yi magana.

In har ta kai ga rabuwa, ku rabu da mutunci, ka tabbatar littafin awanninka ya cika daidai, ka kuma nemi takardar shaidar aiki kafin ka fita. Jan ƙyalle ba shi kaɗai ne hanyar kai wa 1,500 ba. Da yawan matuƙa ta koyarwa suke cike nasu, don haka ko ba a sallame ka ba ina ba ka shawara ka fara shirin karɓar lasisin malamin tuƙi tun bana. Akwai ɗaukar masu tsalle da lema, akwai ɗaukar hoton ƙasa daga sama don zana taswira, akwai sintirin bututun mai da layukan lantarki, kuma gwanintar tashi a hankali kusa da ƙasa da ka samu a wannan aiki abin nema ce a wurarensu. Jinkirin zai iya zama na wasu watanni, bashin kuma zai ci gaba da jira, don haka ka kira masu binka tun kafin lokacin biya ya wuce ka nemi a sassauta maka tsari. Mahaifinka ma ka kira shi kafin ka shiga wurin maigidanka, ka warware masa abin da tutar take nufi da ranar da aka zaɓa, ka nemi addu'arsa. Shi ya sayar da gonar, yana da haƙƙin ya ji daga bakinka dalilin da zai iya sa tafiyar ta ɗan ƙara tsawo.